Babi na Bakwai: Dabarun Tsara Shafi a Kwamfuta

Manhajar tsara shafi ita ce wadda ake harhaɗa rubutu da hotuna a cikinta kafin a kai littafi, mujalla ko takardar talla maɗaba'a. Waɗanda aka fi sani su ne InDesign na kamfanin Adobe, wanda ya fito a 1999, da QuarkXPress, da Affinity Publisher, sai Scribus da ake saukewa kyauta. Sunayen maɓallai sun ɗan bambanta, amma aikin iri ɗaya ne. Maɓallan da za mu ambata a nan na InDesign ne a kwamfuta mai Windows. A wasu wurare za mu faɗi yadda abin yake a Scribus.

Abin da ke cinye wa mai koyo lokaci shi ne yin komai da hannu. Ya rubuta lambar shafi ɗaya bayan ɗaya, ya bi kowane kan magana yana ƙara masa girma, ya yi ta danna maɓallin tazara don ya tura layi tsakiya. Ranar da aka ce a ƙara shafi biyu a farkon littafin, sai aikin duka ya wargaje. Ƙa'idar da za mu bi ita ce, duk abin da zai maimaitu a littafi sau ɗaya ake saita shi, manhajar ta riƙe.

Uwar shafi

Uwar shafi ba ta fita a bugu, amma duk abin da aka ɗora a kanta yana bayyana a shafukan da ke ƙarƙashinta. Tana saman jerin shafuka da harafin A. Tsofaffin InDesign suna kiranta Master, sababbi kuma Parent.

Ku buɗe ta, ku ja ƙaramin akwatin rubutu a ƙasa, sannan ku danna Ctrl da Alt da Shift da N tare. Harafin A zai fito a akwatin. A Scribus alamar # ce ke fitowa. Kada ku goge shi ku rubuta 1. Wannan harafin ne zai zama 5 a shafi na biyar, ya zama 40 a na arba'in, kuma ya gyara kansa idan an ƙara shafi ko an rage. A yi akwatin a ɓangaren hagu da na dama duka. Shafuka masu lambar mara, wato 1, 3, 5, su ne ke zama a dama.

Mai koyo kan rikice idan ya danna abin da ya fito daga uwar shafi ya ga ya ƙi motsi. Da gangan aka kulle shi. Idan a shafi guda kawai ake son cire shi, misali inda hoto ya cika shafin, a riƙe Ctrl da Shift a danna shi. Zai saku a wannan shafin, sauran ba su taɓu ba.

Salon sakin layi

A nan ne ake gane ƙwararre. Salo tarin umarni ne da aka raɗa wa suna: nau'in harafi, girmansa, tazarar layuka, shigar layin farko, da sararin da za a bari sama da ƙasa. F11 ke buɗe jerinsa, a sababbin Scribus kuma F4, a tsofaffi F3. Ƙaramin littafi yana buƙatar kamar guda huɗu: gangar rubutu, babban kai, ƙaramin kai, da bayanin hoto. Ku gyara sakin layi ɗaya yadda kuke so, ku bar alamar nan mai ƙiftawa a cikinsa, ku ƙirƙiri sabon salo. Zai kwashi duk siffofin da kansa. Daga nan kowane sakin layi dannawa ɗaya yake buƙata. Idan aka ce rubutun ya yi ƙanƙanta, a salon za ku mayar da 11 ta koma 12, littafin duka ya canja nan take.

Akwai abubuwa a cikin akwatin salo da mutane ke wucewa ba su duba ba. Based On yana sa wani salo ya gaji wani: idan ƙaramin kai ya gaji babba, sauya nau'in harafin babban ya isa. Next Style yana faɗa wa manhajar abin da zai biyo baya, don haka kuna gama rubuta kan magana kuka danna Enter, sai ta koma gangar rubutu da kanta.

Wanda ya fi su amfani shi ne Keep Options. Sau da yawa akan ga kan magana shi kaɗai a ƙasan shafi, bayaninsa kuma ya tsallaka gaba, ko layi ɗaya tal na ƙarshen sakin layi ya maƙale a saman sabon shafi. Mai karatu, musamman sabon mai koyo, yakan ɓace a irin wannan wuri. A salon kan magana ku ce ya riƙe layi 2 na abin da ke binsa. A salon gangar rubutu ku ce kada a raba ƙasa da layi 2 a farko ko a ƙarshe. Shi ke nan, har ƙarshen littafi.

Kada a danna Enter sau biyu don a samu sarari tsakanin sakin layi. Wannan layin da babu komai a cikinsa yakan faɗo saman shafi ya bar rami. A salo ake sa sararin, kamar milimita 2 ko 3. Idan kuma kuka ga alamar + kusa da sunan salo, an taɓa wannan sakin layin da hannu ke nan. Ku riƙe Alt ku danna sunan, zai koma daidai. Wata ribar kuma, manhajar za ta iya haɗa shafin abubuwan da ke ciki da lambobinsu, domin da salo take gane kawunan babi.

Zuba rubutu

Ctrl da D ke shigo da fayil ɗin rubutu. Idan kuka danna shafi haka kawai, shafi ɗaya zai cika ya tsaya. Ku riƙe Shift kafin ku danna: rubutun zai kwarara har ƙarshe, manhajar tana ƙara shafuka da kanta.

Jan + a ƙasan akwatin rubutu ta dama yana nufin akwai ragowar rubutun da ya ɓuya. A Scribus ƙaramin akwati ne mai X. Wannan kuskure ne mai tsada, domin sai an buga ake ganin babi ya yanke a tsakiyar jimla. Ctrl da Y zai nuna rubutun duka, har da wanda ya ɓuya, da jan layi a gefensa.

Rubutun da aka karɓo daga wani yana zuwa da datti. Ku danna Ctrl da Alt da I, alamomin ɓoye za su fito: kowace tazara ɗigo ce, kowane Enter yana da alamarsa. Sai ku buɗe akwatin nema da Ctrl da F, a jerin Query ku zaɓi wanda ke mayar da tazara da yawa ta zama ɗaya, sannan wanda ke yin haka ga Enter. Inda ba a son a raba abu biyu a ƙarshen layi, kamar adadi da ma'auninsa a "25 kg", Ctrl da Alt da X ke sa tazarar da ba ta karyewa.

Ba kowane nau'in harafi ne ke da ƙ da ɗ da ɓ ba. Idan babu, akwati mai ruwan hoda zai fito a gurbinsu, ko kuma harafin ya zo da siffar da ba ta dace da sauran ba. Ku gwada ƙanana da manya, Ƙ, Ɗ, Ɓ, da mai kauri da mai karkata, tun kafin a fara aiki. Charis SIL, Gentium da Noto suna da su, Andika kuma don sababbin masu karatu aka zana shi. A kashe raba kalma a ƙarshen layi, domin da ƙamus ɗin wani harshe manhajar za ta yanka kalmomin.

Akwatunan awo suna yin lissafi. Faɗin A4 milimita 210 ne. Ku rubuta 210/3 ku danna Enter, za a ba ku 70.

Hoto, yanka da launi

Hoton da ke shafi inuwa ce kawai, asalin fayil ɗin yana inda kuka ajiye shi. Idan aka sauya masa suna ko folda, haɗin ya tsinke, ya fito a dusashe. Bugu mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci. Hoto mai faɗin ɗigo 1200 zai yi kyau har zuwa inci 4, kusan santimita 10. Aka ja shi ya kai santimita 20, ya koma kusan 150, kuma ido zai gani. Jerin Links yana nuna wannan adadi a ƙarƙashin Effective PPI, shi ne abin dubawa.

Injin yanka ba ya sauka daidai kan layi a kowace takarda. Saboda haka hoto ko launin da ya kai bakin shafi sai a ja shi ya wuce da milimita 3 a kowane gefe, kamar yadda tela ke barin rarar yadi. Ana saita wannan rarar a gurbin Bleed tun lokacin buɗe sabon aiki. Idan babu ita, farin zare zai fito a gefen hoton. Rubutu kuma a janye shi ciki da aƙalla milimita 5. Maɓallin W, idan ba a cikin rubutu kuke ba, yana nuna shafin yadda zai kasance bayan yanka.

Fuskar kwamfuta da haske take haɗa launi, wato RGB, maɗaba'a kuma da tawada huɗu, CMYK. Shi ya sa kore da shuɗi masu ƙyalli ke dusashewa a takarda. Ƙananan rubutu a ba su baƙin tawada ɗaya, K 100. Baƙin da aka haɗa da tawada huɗu, ko wanda ake kira Registration, zai sa haruffa su yi inuwa mai launi idan farantan bugu suka ɗan goce.

Littafin da za a naɗe a ɗinke shi da waya a tsakiya dole shafukansa su rabu gida huɗu: 8, 12, 16, 20. Kowace takarda shafi huɗu take ɗauka. A mai shafi 16, na 1 yana zama kusa da na 16, na 2 kusa da na 15. Wannan jerin aikin maɗaba'a ne. Ku ba su shafuka ɗai-ɗai a jere.

A ƙasan fuskar InDesign akwai ɗigo, kore idan lafiya, ja idan akwai ɓoyayyen rubutu, hoton da ya ɓace ko harafin da babu. A Scribus sunansa Preflight Verifier. Sai ɗigon InDesign ya zama kore za a fitar da PDF. Ku tambayi maɗaba'a wane nau'in PDF suke so, PDF/X-1a ko PDF/X-4, kuma ku tabbata an zaɓi fitar da rarar yanka, domin ba ta bin fayil sai an ce. Idan asalin aikin za a miƙa, Package ke tattara hotuna da haruffa a folda ɗaya, a Scribus kuma Collect for Output.

Aiki

Ku buɗe aiki mai girman A5, milimita 148 da 210, shafi 8, da rarar yanka ta milimita 3. Ku sa lambar shafi a uwar shafi, ku yi salo uku, ku zuba rubutu da Shift. Bayan haka ku ƙara shafi huɗu a farko, ku mayar da girman gangar rubutu 13, ku duba ko lambobin sun gyaru kuma babu jan + a ko'ina.