Motar da ke zafi sai an hau babban titi

Jama'a, in motarku lafiya ƙalau take a cikin gari, amma da kun wuce kilomita 100 a awa allurar zafi ta fara hawa, kada ku fara zargin fanka. A wannan gudun iskar da ke bugo gaban mota ta fi ta fanka yawa. Matsalar galibi ruwa ne ba ya zagayawa yadda ya kamata.

Lagireto za ku fara dubawa. Bayan injin ya yi ɗumi, ku kashe shi, ku shafa jikin lagireton a hankali, hannu nesa da fanka. In wani wuri zafi wani sanyi, tsatsa ta toshe hanyoyin ciki. Ku leƙa tsakaninsa da kwandensar AC (wadda ke gaban lagireto) ma, ƙura da ganye kan cunkushe a wurin.

Abin da aka fi mantawa shi ne tiyon ƙasa na lagireto. Ku sa wani ya taka totur har juyin injin ya kai 3,000 a minti (rpm), ku zuba wa tiyon ido. In ya lanƙwame, famfon ruwa ne ke tsotse shi saboda ya yi laushi, a canza.

Daga nan sai tamostat (abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto in injin ya yi zafi) da ba ya buɗewa duka, da murfin lagireto da ya saki. Ban goyi bayan cire tamostat a yar ba, a sa sabo. In kuwa ruwa na raguwa ba yoyo, ga kumfa na tasowa a lagireto, a gwada gasket ɗin kan injin (abin da ke hana ruwa, mai da hayaƙin injin haɗuwa).

Don Allah kada ku buɗe murfin da zafi, tafasasshen ruwa zai watso muku.