Yadda Ma'aikacin Lafiya Zai Zama Mai Ba Kamfanin Fasahar Lafiya Shawara

Kamfanonin da ke ƙera manhajojin duba alamomin ciwo ko na ganin likita ta waya suna da gwanayen injiniyoyi, amma galibinsu ba su taɓa tsayawa a kan mara lafiya da ƙarfe uku na dare ba. Shi ya sa suke ɗaukar likita, ma'aikaciyar jinya, ungozoma ko mai harhaɗa magunguna ya riƙa ba su shawara. Ga yadda ake shiga aikin.

Fara da sanin abin da za su saya a wajenka: idonka na hango inda za a cutu. Ɗauka an sa maka manhaja a gaba ka gwada. Ka shigar da mace mai shekara 58, mai ciwon suga, tana kukan ƙwannafi da zufa da kasala. Manhajar ta ce ta sha maganin ƙwannafi ta kwanta. Injiniya bai ga laifi ba, don tambayoyin sun bi tsari. Kai kuwa gabanka ya faɗi, domin ka san ciwon zuciya kan zo wa mata da masu suga ba tare da zafin ƙirji ba. Ko akwatin rubuta nauyin yaro da bai nuna kilo ne ko laba ba. Kilo ɗaya laba 2.2 ne, wato maganin zai iya ninkawa har da ɗoriya. Aikinka ka gano irin wannan, ka rubuta shi dalla-dalla, ka faɗi girman haɗarin da yadda za a toshe shi.

Na biyu, kada ka saki lasisinka. A Ingila, ƙa'idar DCB0129 ta wajabta wa mai ƙera manhajar lafiya ya naɗa jami'in kiyaye haɗari, kuma sai ma'aikacin lafiya mai rajista ne ke hawa kujerar. Ko doka ba ta tilasta ba, ka riƙe yini ɗaya ko biyu a mako kana ganin marasa lafiya. Wanda ya jima rabonsa da asibiti, shawararsa kan yi tsami bai sani ba.

Na uku, koyi yarensu. Ba sai ka iya rubuta manhaja ba, duk da masu sayar da kwasa-kwasai za su ce maka dole ne. Abin da ya fi amfani shi ne ka san ISO 14971, ƙa'idar tantance haɗari a na'urorin lafiya, da IEC 62304 ta ƙera manhajojinsu. Ka san FHIR, hanyar da kwamfutoci ke musayar bayanan mara lafiya, da SNOMED CT da ICD-11 na lambobin cututtuka. Sai dokar ƙasar da kamfanin ke kasuwanci: hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, dokar na'urorin lafiya ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2021, da dokokin sirrin bayanai irin su HIPAA da GDPR. Tambayar da za a yi ta jefo maka ita ce, wannan manhajar na'urar lafiya ce a idon doka ko kuwa? Amsar ce ke yanke yawan kuɗi da watannin da za a kashe kafin ta fita.

Daga nan sai abin nunawa. Shiga kwamitin rajistar marasa lafiya ta kwamfuta a wurin aikinka, ko ka gwada wata manhaja ka rubuta rahoto mai shafi biyu kan abin da ka gani. Gyara shafinka na LinkedIn ya nuna matsalolin da ka warware, sannan ka tuntuɓi ƙananan kamfanonin da ke aiki a fanninka.

Yarjejeniya ce inda ake cin mutane. Ana biya da awa, ko da wata, ko da hannun jari, wanda sau da yawa sai a hankali yake zama naka cikin wasu shekaru. Kada hannun jari ya ruɗe ka. An yi wa kamfanin fasahar lafiya na Babylon Health ƙimar sama da dala biliyan 4 a 2021, ya durƙushe a 2023. A shekarar ce kuma wani kamfanin fasahar lafiyar, Pear Therapeutics, ya bayyana karayar arziki. Nemi wani kaso a hannu. Duba ko inshorar aikinka ta haɗa da aikin shawara, ka sanar da asibitinka don kada a ce kana fuska biyu, kuma a rubuta cewa ba za a sa sunanka ko hotonka a talla ba sai da izininka. Wasu kamfanonin farar rigarka kawai suke so su nuna wa masu zuba jari.

Kafin ka sa hannu, ka tambaye su: in na ce wannan sabon sashe na manhajar yana da haɗari ana saura kwana biyu a fitar da shi, wa ke da ikon tsayar da shi? In suka kama suna suka nuna maka inda ake rubuta irin wannan ƙorafi, ka zauna a ci gaba da magana. In suka fara kallon juna, ka tattara takardunka.