Kafin a Sayar da Fili Don Yaro Ya Koyi Tuƙin Jirgin Sama

A watan jiya Yayata ta sauko daga Jos da ɗanta na fari, suka same ni a gidana da ke Lugbe a Abuja ranar da ba ni da aiki. Ko ruwa ba ta gama sha ba ta ciro waya ta nuna mini hoton wata jami'a a Amurka: ƙananan jirage farare jere a fili, ɗalibai da fararen riguna da igiya a kafaɗa. Ta ce, "Auta, nan yake so. Filin babansu na Rikkos zan sayar." Yaron ya sunkuyar da kai yana murza yatsu, sai can ya ce, "Kawu, tun ina firamare ba ni da wani buri sai wannan." Na gaskata shi, domin ni ma haka na taso, da na ji ƙarar jirgi sai na fito tsakar gida ina ɗaga kai. Amma na ce, "Yaya, don Allah kada ki kira dillali tukuna." Abin da na faɗa musu a ranar shi nake rubutawa a nan, a matsayina na mataimakin matuƙi da ya bi wannan hanya ya sha wuyarta.

Kafin makaranta, likita. Babu mai tuƙa jirgin fasinja sai da takardar lafiya mai daraja ta ɗaya, kuma ba kowane asibiti ke bayar da ita ba, sai likitocin da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta amince da su. Za a auna ido da ji da bugun zuciya da hawan jini da suga. Gilashi ba ya hana mutum, muddin yana gyara ganin yadda ake so. Abin da ya fi kayar da samari shi ne wani ɗan littafi mai shafuka cike da ɗige-ɗige masu launi, a ce ka karanta lambar da ke ɓoye a ciki. Akwai wanda muka fara karatu tare, ya riga ya biya kuɗi, a gaban wannan littafin ya san cewa ba ya bambance ja da kore sosai. Shekara ashirin yana raye bai sani ba. Na ga yadda ya fito daga ɗakin, kuma har yau ba na mantawa. Kuɗin gwajin nan bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin makaranta, saboda haka shi za a fara yi.

Sai kuma abin da iyaye da yawa ba su gane ba: digiri daban, lasisi daban. Jami'a ce ke ba da digiri, hukuma ce ke ba da lasisi, kuma kamfanin jirgi lasisin yake fara dubawa, tare da littafin da aka rubuta awannin tashinka. Matakan a jere suke. Lasisin farko, PPL, yana buƙatar aƙalla awa 40 a sama, kuma ba a cin abinci da shi. Na biyu, CPL, shi ne na sana'a: shekara 18 da haihuwa da awa 200, ko 150 idan kwas ne da hukuma ta amince da shi daga farko har ƙarshe. A kansa ake ɗora iya tuƙi da na'urori kaɗai lokacin da ba a ganin komai a waje, da iya tuƙa jirgi mai inji biyu. Na ƙarshe, ATPL, wanda ba a zama kyaftin ɗin jirgin fasinja sai da shi, yana son awa 1,500. Akwai kuma gwajin Turanci na ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, wanda dole a kai mataki na 4. Duk wata takardar talla da ke cika baki da digiri amma ba ta faɗi ƙarara wane lasisi za ka fita da shi ba, kuma wace hukuma ce za ta sa masa hannu, a ajiye ta gefe. Akwai kwasa-kwasan jami'a masu sunan jirgin sama a jikinsu da suke na injiniya ne ko na gudanar da harkar filin jirgi. Karatu ne mai kyau, amma ba zai zaunar da kai a kujerar gaba ba.

To, me ya sa jami'o'in Amurka irin su Embry-Riddle da ke Florida, ko Jami'ar Dakota ta Arewa, ko Purdue suke da farin jini? Dalilin na ƙasarsu ne. Bayan haɗarin jirgin kamfanin Colgan kusa da birnin Buffalo a 2009, Amurka ta tsaurara doka, daga 2013 ko mataimaki ba ya shiga jirgin fasinja sai da lasisin ATP, sunan da suke kiran ATPL, wato awa 1,500. Sai aka yi rangwame ga wanda ya yi digirin tuƙi a jami'ar da hukumarsu ta amince da ita: awa 1,000 ta ishe shi. Ga ɗan ƙasar, wannan babbar riba ce. Ga yaronmu da zai je da bizar ɗalibi ya dawo gida, rangwamen ba nasa ba ne, domin a nan kamfani na iya ɗaukar mataimaki da CPL da awanni ɗari biyu da 'yan kai. Ke nan za a biya kuɗin jami'a na shekara huɗu da dala, a ƙara da kuɗin tashi wanda ake lissafawa daban, don wata fa'ida da ba za a ci ba. Kuma idan ya dawo, sai ya kai wa NCAA lasisin ta tantance, ya zauna jarrabawa, kafin a ba shi na Najeriya.

A gida muna da kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, NCAT, wadda aka kafa tun 1964, kuma manyan kyaftin-kyaftin da yawa na ƙasar nan can suka fito. Akwai kwalejin Ilori ta gwamnatin Kwara. Wasu kuma suna tafiya Afirka ta Kudu. Ba zan ce wa kowa ga wadda ta fi ba, sai dai in ce ko wacce aka zaɓa, a taka a je da ƙafa. Daga Jos zuwa Zariya tafiyar yini ɗaya ce, je ka dawo.

Idan ka je, kada ka tsaya a ofishin da ke da na'urar sanyaya ɗaki. Ka roƙa a kai ka rumfar jirage. Ka ƙirga waɗanda suka tashi yau, ba waɗanda aka jera ba. Jirgin da aka cire masa farfela, aka rufe hancinsa da tamfol, ƙura ta kwanta a kan fikafikansa, ba ya cikin lissafi. Ka tambayi yawan ɗalibai da yawan malamai. Sa'an nan ka ja ɗalibi ɗaya gefe, can wajen mai shayi, ka tambaye shi abu biyu: yaushe ka fara, kuma awa nawa ke cikin littafinka? Amsarsa ta fi duk abin da shugaban makarantar zai faɗa maka. Ni ban yi haka ba. A wata makaranta a ƙasar waje mahaifina ya biya kuɗin gaba ɗaya saboda an yi mana alkawarin ragi. Jirginsu mai inji biyu guda ɗaya ne tak, ya lalace, aka shiga jiran kayan gyara. Wata biyar ina zaune, kuɗin haya da na abinci suna tafiya, biza tana ƙarewa, hannuna yana mantuwa da abin da ya koya. Da aka gyara sai da na sake biyan awanni don in dawo daidai. Tun daga nan nake cewa a biya mataki-mataki, ko da ragin ya kai nawa, kuma a karanta abin da yarjejeniya ta ce game da mayar da kuɗi.

A tambayi yanayi ma. Sabon ɗalibi da idonsa yake tashi, ba da na'urori ba, yana buƙatar ya hango nesa kamar kilomita biyar. A Arewa idan hazo ya sauka daga Disamba zuwa Fabrairu, ana iya yin kwanaki ba a tashi ba. Wannan ba laifin kowa ba ne, amma makarantar kirki za ta gaya maka yadda take cike giɓin.

Wurin da kuɗi ke yanke wa mutane shi ne bayan CPL. Lasisin bai ba ka damar tuƙa Boeing 737 ko Embraer ba. Kowane irin babban jirgi yana da horonsa na musamman a cikin na'urar kwaikwayon tuƙi, kuma sau da yawa sabon matuƙi shi ke biya daga aljihunsa, da kuɗin waje. Bayan haka ga zaman jiran aiki, wanda a cikinsa takardar lafiya tana ƙarewa duk shekara, dole a sabunta. Na san samari masu lasisi da suka daɗe suna zarya da takardu tsakanin Abuja da Legas da Kano. Don haka lissafin da za a yi ba na shiga makaranta ba ne, na kaiwa ranar albashin farko ne. Idan kuɗin fili zai ƙare a rabin hanya, gara a dakata a ƙara tarawa.

Duk da haka ina son yaron ya yi digiri, kuma na faɗa masa dalili. Aikinmu a kan takardar likita yake rataye, rana ɗaya suga ko zuciya na iya sauke mutum ƙasa yana da iyali. Abin da na fi so shi ne ya yi digirinsa a nan gida cikin sauƙin kuɗi, a fannin da zai riƙe shi ko ba jirgi, injiniya ko kwamfuta, ya ƙarfafa lissafi da fiziks da Turanci, kuɗin dala kuma a adana shi don awannin tashi kaɗai.

Yaya ba ta ji daɗin maganar ba da farko, ta yi shiru tana kallon hoton. Da za su tafi na raka su tasha, ta ce, "To Auta, ka sama masa likitan." Na samu, ranar Litinin mai zuwa da safe zan kai shi da kaina. Mako na sama kuma mu biyu za mu kama hanyar Zariya.