Darasi na Tara: Haɗa Akwatin Gem na Tsaye

Akwatin gem na tsaye shi ne wanda ake sa talabijin a cikinsa daga sama, na'urar gem a ƙasa, mai wasa yana tsaye a gabansa. Irinsa aka riƙa buga Pac-Man a ciki tun 1980. A gidaje da yawa a Agege da Idi Araba akwai tsohuwar Sega Mega Drive ko PlayStation ta farko a ƙarƙashin gado, ga ƙura, ga wayoyi a cukurkuɗe. Sega Mega Drive ta fito a Jafan a 1988, PlayStation kuma a 1994, kuma har yau wasu suna aiki sumul. Wannan darasi zai nuna muku yadda za ku yi musu mazauni.

Kada ku sayi katako sai kun auna talabijin. Akwatin a kan talabijin ake gina shi. Ɗauki tef ɗin awo, auna faɗinsa, tsayinsa, da zurfinsa daga gilashi zuwa ƙarshen ƙeya. Rubuta lambobin a littafinka. Tef yana da layi biyu, gefe ɗaya inci, ɗaya santimita. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa. Wanda ya auna faɗi da inci, tsayi da santimita, zai ji kunya a gaban kafinta. Sannan ƙara santimita biyar a kowane gefe domin iska.

Filawud ɗaya yana zuwa da faɗin ƙafa 4, tsayin ƙafa 8. Nemi mai kaurin milimita 18, domin talabijin mai ƙeya yana da nauyi. Ana samun filawud a kasuwar katako ta Amu da ke Mushin. Mai sayarwa zai iya nuna maka MDF, wato katakon da aka haɗa da garin itace da gam, ya ce ya fi santsi. Gaskiya ne, ya fi santsi, ya fi shan fenti. Amma Legas garin danshi ce, ruwa yana taɓa gefen MDF zai kumbura kamar burodin da ya faɗa shayi. A nan filawud ya fi.

Gefuna biyu su ne ƙashin bayan akwatin. Zana ɗaya da fensir, a yanka, a ɗora shi a kan ɗayan a bi sawunsa, don su fito daidai. Teburin da ake ɗora hannun gem ya kai kusan santimita 95 daga ƙasa idan manya ne za su buga. Idan na yara ne a rage. Kantar talabijin a sa mata katako mai ƙarfi a ƙarƙashi, a haɗa da gam da sukuru. Ƙusa kaɗai tana sakin jiki. A yi wa akwatin ƙafafu ko a sa masa taya, kada ya zauna a kan siminti, saboda ruwan da ke shiga shaguna da damina. Fenti kuwa, kowa da son ransa.

Baya shi ne wurin da mutane ke ganganci. Talabijin yana zafi, adafta yana zafi, in aka rufe su ruf za su mutu da wuri. Huda ramuka a ƙasa da sama, domin iska mai zafi sama take tashi. A rufe ramukan da raga saboda ɓera da kyankyaso. A sa ƙofa da kwado, yara ba sa ganin waya su ƙyale.

Wayar hoto, wadda ke haɗa gem da talabijin, yawanci mai kai uku ce: rawaya ta hoto, ja da fara na murya. Kowace ta shiga ramin da ke da launinta. In ta lalace, akwai ta a Alaba da Computer Village a Ikeja. Kafin ka jona adafta, juya shi ka karanta rubutun jikinsa. Wutar Najeriya 230V ce. Kayan Jafan 100V ne, na Amurka 120V. In ka ga 100V ko 120V kawai a rubuce, kada ka sa shi a soket sai da na'urar rage wuta. Yadda wuta ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfi, sitabilaiza ma yana da amfani.

Gargaɗi: kada ka buɗe bayan talabijin mai ƙeya. Yana riƙe wuta mai haɗari a ciki ko bayan an cire shi daga soket. Wannan aikin mai gyara ne.

Aikin gida

1. Auna talabijin ɗin gidanku, ka rubuta faɗi, tsayi da zurfi da santimita.
2. Idan faɗin talabijin santimita 50 ne, aka ƙara biyar a dama da biyar a hagu, nawa ne faɗin cikin akwatin?
3. Kwafi rubutun da ke jikin adafta ɗaya a littafinka, ka kawo wa malam ya duba a aji na gaba.