Tagar saitin da ba ta miƙewa: kurakuran da na gaji da gyarawa

Duk ƙarshen zango ɗalibai na kawo mini manhajojin da suka rubuta in duba, wasu na lissafin kuɗin makaranta, wasu na kantin magani. Kafin in kalli komai, tagar saiti nake fara buɗewa in ja gefenta da linzami. Galibi ba ta motsi. An kulle girmanta, wai don kada ta ɓata tsari.

Wannan kullewar ita ce uwar kurakuran. A Visual Studio, manhajar rubuta manhajoji, yaro ya mai da FormBorderStyle, wato saitin gefen taga, zuwa FixedDialog mai hana ja, a yaren Java ya kashe setResizable mai ba da damar sauya girma, ya zana taga mai tsayin fiksel (ɗigon allo) 700 a kan babban allonsa na 1920 da 1080, ya ga ta yi kyau, shi ke nan. Kamar telan da ya ɗinka wa kowa riga da awon jikinsa. To, je ka ofisoshi da shagunan Sakkwato ka ga kwamfutocin da ake aiki da su: tsofaffin HP da Dell na hannu, allon da yawansu 1366 da 768 ne. In mai ita ya ƙara girman rubutu zuwa kashi 125 saboda idonsa, tsayin da ya rage bai wuce 614 ba, a kashi 150 kuma 512, sannan sandar ƙasa ta Windows ta ci nata kason. Ina taga mai 700 za ta shiga? Ƙasanta ne zai nutse, kuma a ƙasan nan maɓallin adanawa yake.

Ba zancen littafi nake yi ba. Wani yaron da ke koyon aiki a wurina ya taɓa haɗa wa wani dattijo mai kantin magani a Illela manhaja da sunan shagona. A nan komai lafiya. Da aka kai can, sai ga kira: "Malam, wanga abu naka ba ya da inda aka latsawa." Na ce, "Alhaji, duba ƙasa, hannun dama." Ya ce babu ƙasa. Ya sauya farashin magani, ya rasa inda zai adana, ya rufe taga, yaran kanti suka ci gaba da sayarwa a tsohon farashi. Na bi hanyar nan cikin zafin watan Afrilu don gyaran da bai kai shan shayi ba, na mayar da rabin kuɗin aiki, kuma har yau Alhaji bai sake nemana ba. Shi ya sa in na ga taga a kulle raina ke ɓaci. Kai wa ya gaya maka allon kowa irin naka ne? Ka taɓa tambayar mai aikin wace kwamfuta gare shi?

Abin da nake yi, ko wasu ba su yarda ba: ban kulle kowace tagar da ta wuce tambayar i ko a'a. Ina sa mata mafi ƙarancin girma da MinimumSize don kada a matse ta har ta lalace, in ɗaure maɓallan adanawa da fasawa a ƙasa da Anchor ko Dock, tsakiyar kuma in kunna AutoScroll ta riƙa gungurawa. Kuma akwai wata tsohuwar laftof da na ajiye a shago, allonta 768, girman rubutu a kashi 150. Manhajar da ba ta wuce ta kanta ba, ba ta fita daga hannuna.

Kada wani ya ce ai manyan ma suna yi. Suna yi, kuma suna shan suka. Shekaru da dama wurin gyara PATH, jerin wuraren da kwamfuta ke neman manhajoji, a Windows ɗan siririn akwati ne da ba ya faɗaɗa, sai a Windows 10 aka mai da shi jeri cikin taga mai buɗewa. Apple kuwa da ta sake fasalin saitinta a macOS Ventura a 2022, tagar tana ƙara tsayi amma ba ta ƙara faɗi. Su suna da masu saye ko sun yi haka. Kai ba ka da su.

Na biyu da ke cin raina shi ne rubutun Hausa. Ka auna akwati da gajeriyar kalmar Turanci, sai aka ce a mayar da manhajar Hausa, "Adana canje-canje" ya koma "Adana can". Bar lakabi da maɓalli su bi tsawon rubutunsu da AutoSize, ka kuma gwada ƙ da ɗ da ɓ a irin harafin da ka zaɓa, don wasu haruffan murabba'i suke nunawa a madadinsu.

Sauran ƙanana ne. Kada ka cusa saiti talatin a shafi guda, raba su. Gwada manhajarka da firojekta kafin ranar kare aikinka, tsofaffin 1024 da 768 suke bayarwa. In manhajar na tuna inda taga ta tsaya, ta duba ko allon da ta tsaya a kai, in na biyu ne, yana nan kafin ta buɗe a can. Tab da Enter da Esc su yi aiki, domin linzami na mutuwa.

Kai kuma da aka riga aka sayar wa irin wannan manhaja, latsa Alt da Space, sannan M, ka tura tagar da kibiyoyin kibod, ko ka mayar da girman rubutu kashi 100 na ɗan lokaci har ka adana. In tagar ta ɓace a allon da aka cire, Windows da Shift da kibiyar hagu ko dama za su dawo da ita.