Aikin taimako da bishara: yadda za ka tsara su kada ɗaya ya cinye ɗaya

Wannan gardama kullum sai ta taso a mitin ɗin matasa ko na zumuntar mata, wasu su ce a tara kuɗi a kai masara sansanin 'yan gudun hijira, wasu su ce a'a mu dai a fita bishara, ai rai ya fi ciki. Toh gardamar ba yau ta fara ba. A 1974 an yi babban taron duniya kan aikin bishara a Lausanne ta ƙasar Suwizalan, Billy Graham mai wa'azin Amurka ne ya kira shi, John Stott malamin cocin Ingila ya jagoranci rubuta yarjejeniyar taron, marigayi Byang Kato malamin tauhidi namu na Kwoi ma ya yi jawabi a can. Matsayar da suka cimma ita ce duka biyun wajibi ne a kan mai bi, amma bishara ce a gaba. Ni ma nan na tsaya, sai dai faɗa da baki ba wuya, tsarawar ce aiki.

Fara da duba inda lokacinka yake tafiya. Ɗauki biro ka rubuta abin da ka yi wa Ubangiji a watan da ya wuce, kwamitin gini, rabon kaya, zuwa gaisuwar rasuwa, rubuce-rubuce a Facebook kan kashe-kashe da rashin adalci, duk ka sa. Sai ka tambayi kanka, a ciki wa na zauna da shi ido da ido na gaya masa abin da Yesu ya yi mini? Yawancinmu a nan muke yin tsit. Dalili kuwa aikin taimako yana da daɗin yi, ana yinsa cikin jama'a, ga hoto ga godiya, shi kuwa zama da mutum ɗaya akwai kunya, akwai tsoron kada ya yi maka tambayar da ba ka da amsarta, shi ya sa kullum shi ake ɗagawa sai wani satin.

Saboda haka ka ware mutum biyu ko uku da ka riga ka sani, abokin aiki, ɗan'uwanka da ya daina zuwa sujada, yaron shagonka. Rubuta sunansu a cikin Littafi Mai Tsarkinka, ka riƙa yi musu addu'a da suna, ka sa ranar ziyara kamar yadda kake sa ranar mitin. In ka je kada ka buɗe da wa'azi, gaisa tukuna, tambayi iyali, tambayi gona, bar shi ya yi magana. Ko a bakin rijiyar Samariya ai da roƙon ruwan sha Yesu ya fara.

Na biyu, kuma nan ne mutane suke ɓata abu, kada ka mai da buhun shinkafa ƙugiya. In za ka ba gwauruwa mudu biyar na gero ka ba ta don tana jin yunwa, shikenan, ko ta zo coci ko ba ta zo ba, ko Kirista ce ko Musulma. Wanda ya amsa kiran bagade don yana hango katon ɗin Indomie a bayan fasto, ranar da katon ya ƙare ba za ka sake ganinsa ba, kuma kai ka jawo. Yakubu sura 2 ya tsawata wa mai sallamar mayunwaci da fatan alheri kawai, bai ce a sa masa sharaɗi ba. Asibitin Vom da ƙungiyar mishan ta SUM (Sudan United Mission) ta buɗe a 1922, da na Galmi a Nijar da mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) ta buɗe a 1950, kowa suke dubawa, kuma mutuncin da suka samu a wurin jama'a daga nan ya fito. Don Allah kuma a rage ɗaukar hoton mutane suna karɓar kaya, wulakanci ne.

A matakin ikilisiya kuwa a raba aiki, haka manzanni suka yi a Ayyukan Manzanni sura 6 da aka kawo ƙara kan rabon abincin gwauraye, suka sa aka zaɓi mutum bakwai su riƙe wannan, su kuma suka tsaya kan addu'a da koyarwa. Amma lura fa, cikin bakwai ɗin nan akwai Istifanus da Filibus, Filibus ɗin da ya shiga keken dokin mutumin Habasha ya bayyana masa littafin Ishaya har ya yi masa baftisma. Wato kasancewarka a kwamitin jinƙai bai ɗauke maka shaida ba, kuma dattawa su duba kasafin shekara da kyau kada kuɗin masu bishara na ƙauye ya zama shi ake fara yankewa duk sanda wani aiki ya taso.

In mutum ya ce ba ya so, ƙyale shi cikin mutunci, ku ci gaba da gaisawa, kuma kada ka taɓa bin yaran mutane a bayan idon iyayensu. In kuwa ya karɓa to aikinka bai ƙare ba, kai shi ajin baftisma da kanka, haɗa shi da dattijo ɗaya mai haƙuri, ka kuma tambaye shi ko akwai matsala a gida saboda wannan mataki, don wani zai buƙaci ɗakin kwana da abinci tun a satin farko.