Kurakuran da ke hana rautar da ka haɗa da hannunka yin aiki

Duk wanda ya taɓa ɗaukar tsohuwar kwamfuta ya sa mata Linux yace bari ya maida ita rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, ya san wannan lokacin, ka jona komai, fitilu na ta ƙyaftawa, ka buɗe burauza a laftof amma shiru kamar an shuka dusa. Yawanci na'urar lafiyarta ƙalau, matsalar ita ce mutum ya zauna ya saita abu goma a zama ɗaya sannan ya gwada, to in ya ƙi aiki wanne zaka kama?

Tun daga ƙofofi ake fara rikicewa. Rauta na buƙatar ƙofar netwok biyu, WAN mai kallon kamfanin intanet da LAN mai kallon cikin gida. Ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 4 ƙofa ɗaya gareta sai ka ƙara adaftar netwok, kuma ka sa ta a ramin USB 3.0 dan na 2.0 zai shaƙe maka gudu. Sannan kar kayi cinke wai ƙofar da Linux ke kira eth0 ce WAN, buga ip link kaga jerin ƙofofin, zare kebul ɗaya ka sake bugawa kaga wacce ta mutu, ka rubuta a takarda. Mutane da yawa sun kwana suna gyaran dokoki alhali sunayen ƙofofin ne kawai suka juya.

Wanda yafi kama sababbi shine Linux bata tura fakiti, wato ƙunshin saƙon da ke yawo a netwok, daga wata ƙofa zuwa wata sai ka bata izini. Sai ka maida net.ipv4.ip_forward ya zama 1, kuma ka ajiye shi a fayil ɗin sysctl, in ba haka ba yau yayi aiki gobe ka kashe ka kunna ya koma 0 kana ta mamaki. Haka dokokin iptables da nftables, manhajojin da ke tace abin da ke shiga da fita wato fayawol, wanda ka buga da hannu baka adana ba sun tafi da zarar injin ya sake tashi. Bayan wannan sai NAT wato musanya adireshin cikin gida da na waje, adireshi irin 192.168 da masu farawa da 10 na cikin gida ne, basa yawo a intanet, dole ka sa dokar masquerade a ƙofar WAN dan fakitin ya fita da adireshin rautar. In babu ita saƙo zai fita amma amsa bazata san hanyar dawowa ba.

Akwai kuma na adireshi, wannan kam yana ban haushi dan baya nuna kanshi. Modem ɗinka na raba 192.168.1.x kai ma ka ba LAN ɗinka 192.168.1.x, rauta ta rasa ina ne ciki ina ne waje. Canza naka zuwa 192.168.50.x misali, shikenan. In kuma ka jona tsohuwar rauta a LAN ka manta baka kashe DHCP ɗinta ba, wato mai raba wa na'urori adireshi, sarki biyu kenan a gari ɗaya, wata wayar ta samu intanet wata ta rasa ya danganta da wanda ya riga amsa mata.

Ni yadda nake gwaji daki-daki ne. Daga kan rautar kanta in yi ping 8.8.8.8, wato in taɓa wannan adireshin na waje in ga ko zai amsa, in ya amsa WAN lafiya. In koma laftof in yi ping ɗin adireshin rautar, sannan 8.8.8.8, sannan sunan wani shafi. In lamba na amsawa suna baya amsawa to DNS ne, wato mai maida suna ya zama lamba, fara duba dnsmasq mai wannan aikin a rautar kafin ka taɓa fayawol.

Fayawol ɗin ma nan ake garin gyaran gira a rasa ido. Kana ciki ta SSH, wato ka shiga rautar daga laftof ta netwok, ka sa doka a toshe duk mai shigowa kafin ka buɗe wa kanka ƙofar SSH mai lamba 22 ta ɓangaren LAN, ka kulle kanka a waje, sai ka nemo allo da kibod. Fara sa dokar da ke barin haɗin da aka riga aka ƙulla wato established da related, sai SSH daga LAN kaɗai, toshewa ta zo ƙarshe. Kuma INPUT na abin da ke nufin rautar ne, FORWARD na abin da ke ratsawa ta cikinta, kar ka haɗa su. IPv6 kuwa, wato sabon tsarin adireshin intanet, iptables bata kallonshi sam, ko kayi ip6tables ko teburin inet a nftables, dan a can na'urorinka na iya samun adireshin da duniya ke gani kai tsaye.

In layinka PPPoE ne, irin wanda rauta ke shiga da suna da kalmar sirri, kaga wasu shafuka na buɗewa wasu na tsayawa a rabi, MTU ne wato iyakar girman fakiti, 1492 yake ba 1500 ba, sa dokar daidaita MSS a FORWARD dan fakitin kar ya wuce wannan girman.

Wifi kuma dan Allah barshi sai komai ya tsaya ta kebul. Ba kowane kati ne ke yarda ya zama mai raba sigina ba, duba da iw list ko akwai AP a ciki kafin ka ɓata dare kan hostapd, manhajar da ke maida kati mai raba wifi, ni dai tsohuwar rauta nake jonawa a LAN in kashe mata DHCP ta riƙe wifi ɗin.